Bokiti Uku na Ƙanƙarar Mayu

Marienfeld, Kansas
30 ga Mayu, 1996

Zuwa ga 'yata Renita,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya a can bakin duniyar da kika zaɓa wa kanki. Ni dai gwiwar hagun nan ta hana ni sakat tun bikin Ista, kunnen kuma yana nan yadda kika san shi. Kada ki ƙara ɓarnar kuɗi wajen bugo waya. Wancan karon na ɗauka mai tallan injin shara ne na kife masa wayar, sai daga baya ɗana Marvin ya ce ai ke ce.

Labarin garin nan ɗaya ne, ƙanƙara. Ranar Litinin, ranar kai furanni maƙabarta, mun dawo ke nan daga kan kabarin mijina, kawunki Alois, da na ubanki, ɗan baffana, sai sama ta yi wannan kore-koren da kika sani. Maƙwabcina Linus Kuhn ya ce kowa ya shige. Minti goma sha biyu ta yi tana zuba, na duba agogon kicin. Ƙananan cikinta kamar ƙwan kaza. Tagogin coci na yamma sun tafi duka. Alkamar Linus, da saura sati uku a girbe, ta kwanta kamar an bi ta da taɓarya. Na ga mutumin nan tsaye a bakin gonarsa da hula a hannu, sai da matarsa Alfreda ta je ta jawo shi.

Mu nan gidan babu laifi. Wasu sun fi mu shan wahala. Ƙanƙarar ma ba ta tafi a banza ba, bokiti uku na tara kafin ta narke.

Kin san tsoho Leiker ya ajiye aikin inshora tun sanyin da ya wuce. Kamfani ya turo wani daga gabas, sunansa Prewitt, mai yawan murmushi da takalmi mai ƙyalli. Jiya ya bi gari gida-gida da ɗan littafinsa yana tambayar kowa yadda ya ƙare da ƙanƙara. Na ba shi kofi, na ba shi amsar da ta kamata, ya rubuta ya tafi. Yana da ladabi, sai dai ranar Lahadi a wurin ajiye motar Fada, limamin cocinmu, ya ajiye tasa.

Marvin ya zo daga Wichita kwana biyu kafin abin, ya sake tayar da maganar gidan tsofaffin nan. Wai ya sa sunana a layi, wai ɗaki zai samu farkon Oktoba, wai tagarsa tana kallon lambu. Na ce masa tawa ma tana kallon lambu, kuma ni na shuka shi. Ya ce ba zai matsa min ba, amma ranar da wani babban gyara ya taso wa gidan nan wanda ya fi ƙarfinmu, to magana ta ƙare. Ɗana ne, ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Shekara hamsin da ɗaya ina cikin gidan nan, Renita. Daga nan nake so a ɗauke ni zuwa wajen Alois.

Ki riƙa cin abinci. Kifi ba abinci ba ne.

Goggonki,
Otilia Brungardt


Kodiak, Alaska
10 ga Yuni, 1996

Goggo,

Ina gaisuwa da kyau, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ki riƙa shan maganin yadda aka rubuta, ba sai ranar da kika ga dama ba. Aikin jinya nake yi, na san halin irinku. Ni lafiya lau nake. Lokacin kamun kifi ya kama, asibitinmu cike da masunta, wannan ƙugiya a hannu, wancan yatsa a ƙunshe.

Da na ga kalmar ƙanƙara a takardarki gabana ya faɗi, sai da na kai inda kika ce gida babu laifi na samu natsuwa. Linus ne abin tausayi. Ki jajanta masa shi da Alfreda.

Kin yi dabara da kika tara ƙanƙarar. Shekara huɗun da na yi a ofishin inshora a Salina kafin in shiga jinya sun koya min cewa wanda ya jefa 'yan guda a firiza ba ya nadama. Ki bar ta nan a ajiye, ko da ba za a buƙace ta ba.

A takardarki ta Ista kin ce kamfani ya aiko miki da wata doguwar takarda mai ƙananan rubutu, kin ɗora tukunyar fure a kanta. Ki turo min in karanta. Babu gaggawa.

Marvin kuwa ki bar ni da shi. Tun muna yara haka yake, in an yi hadari shi ne na farko a ƙarƙashin tebur.

Taki,
Renita


Marienfeld
28 ga Yuni, 1996

'Yata Renita,

Bayan gaisuwa. Gwiwa tana nan tana aikinta, yanzu ta gayyato ta dama suna yi tare. Fada ya yi wa'azin minti arba'in a wannan zafin, har Linus ya yi minshari.

An sake yin ƙanƙara ranar Laraba sha tara ga wata. Ba wata ta kirki ba, kamar wake, amma ruwan da ya biyo ta mai yawa ne. Ina kicin ina yanka kabeji da rana tsaka sai na ji wani abu ya rufta a sama. Silin ɗin ɗakina ne ya sauko a kan gado, jiƙe sharkaf. Ba zan ɓoye miki ba, tun daren waccan ta Mayun akwai wani tabo a wurin, yana ɗiga in an yi ruwa. Na ajiye masa roba. Ban ga dalilin damun mutane a kan roba ɗaya ba alhali Linus ya rasa girbin shekara. Yanzu na sauko da katifata falo.

Alfreda ta bugo wa Prewitt, ya turo mai duba ɓarna. Mutumin ya hau tsani da alli a hannu, ya zana murabba'i a kan rufin, ya riƙa zagaye kowane rami yana ƙirgawa har alli ya ƙare masa. Da ya sauko ya ce rufin ya mutu, sai sabo. Na ji daɗi, har na yanka masa kek.

Jiya takardarsu ta zo. Sun rubuta cewa ɓarnar ta sha tara ga Yuni ce, kuma tunda rufin ya shekara ashirin da huɗu, darajarsa ta tsohon kaya za su biya, ba ta sabo ba. Na nuna wa mai rufin da ya zo daga Hays, ya ce wannan ko gefen da ke kallon titi ba zai rufe ba. Ya kuma ce in aka shiga sanyi a haka, dusar ƙanƙarar farko za ta shigo da sauran silin ɗin.

Shekara talatin da bakwai Alois yana biyan inshorar nan, ni kuma na ci gaba bayansa, ko sau ɗaya ba mu taɓa neman komai ba. Ban gane inda aka samu wannan sabuwar dokar ba. Ga takardar da kika tambaya, ki yi haƙuri da zanen tukunyar da ke kanta.

Ban faɗa wa Marvin ba tukuna. Maganar firiza kuwa, a cike take, ko allura ba ta da wurin shiga.

Goggonki


Kodiak
8 ga Yuli, 1996

Goggo,

Ina fata kina lafiya. Ni lafiya nake, amma tun da na buɗe takardarki hankalina ba ya jikina. Na buga waya sau shida, tana ta ringi ba ki ji ba.

Ki karanta wannan a hankali, sau biyu. Takardar Afrilu cewa ta yi daga ɗaya ga Yuni duk rufin da ya haura shekara ashirin, in ƙanƙara ta lalata shi, darajar tsoho za a biya. Kafin ɗaya ga Yuni tsohuwar yarjejeniyarki ce ke aiki, ita kuwa sabon rufi take biya gaba ɗaya. Ƙanƙarar da ta kashe rufinki ta ashirin da bakwai ga Mayu ce, kwana biyar kafin canjin. Ƙanƙara kamar wake ba ta huda rufi. Duk rigimar a kan kwanan wata take. In suka yarda Mayu ce, kina gidanki. In suka tsaya a kan Yuni, Marvin zai zo da mota a Oktoba.

Don me ba ki faɗa min tun farko ba? A'a, bari in gyara. Kin faɗa, ni ce ban ji ba. Ranar da inji ya cinye wa Kawu Alois yatsu uku, ina tsaye kika ce wa mahaifiyata babu laifi. Ranar jana'izarsa ma haka kika ce wa Fada. Gwiwa da wa'azi kike yi wa ƙorafi, babban abu kuwa sai ki ce babu laifi. Shekara goma sha ɗaya a Alaska sun sa na karanta maganarki kamar baƙuwa, kuma na ji kunyar kaina.

Na yi waya da babban ofishinsu yau da safe. Sun ce sun san an yi ƙanƙara a Mayu, amma a lissafinsu manyan duwatsun arewa da gari suka sauka, kuma babu wata shaida cewa sun taɓa rufinki. Na ce akwai shaida. Na ce musu goggona tana da bokiti uku na ƙanƙarar ranar a firiza, kowace kamar ƙwan kaza, su zo su auna. Matar da ta ɗauki wayar ta ce za su sake turo mutum ranar Litinin ashirin da biyu ga wata.

Kada ki sa hannu a kowace takarda. Kada ki kai cekinsu banki in ya zo. Kada ki bar firizar a buɗe. Na kuma sanar da Marvin, ki yafe min, gara ya ji daga bakina yanzu da muke da abin nunawa. Tsani kuma ban yarda ki taɓa shi ba.

Taki,
Renita


Marienfeld
23 ga Yuli, 1996

Renita,

Ina lafiya. Gwiwa kamar kullum.

Sun zo jiya, mai allin nan da Prewitt, Marvin kuma ya rigaye su isowa. Takardarki ta same ni ranar Laraba, kwana biyar na yi ina juya ta, na rasa yadda zan yi. Da na rubuto miki ma ba za ta isa ba kafin su zo.

Mai allin ya ce in nuna masa firiza. Na kai shi, na ɗaga murfin. Tsiran alade ne, da kaji huɗu, da masarar bara, da rabin kek ɗin baftisma. Ya tono har ƙasa, hannunsa ya yi ja. Ya ce ina bokiti ukun. Na ce mun yi askirim da su.

Ke ma kin sani, ko kin manta da wannan ɗin ma? Tun zamanin uwata, in ƙanƙara ta ci alkama, a ranar ake kwashe ta a zuba a tsohon injin katako da gishiri, a juya madara har ta daskare. Uwata takan ce ta ci mana, mu ma sai mun ci nata. Kina da shekara bakwai kika zauna a kan murfin injin nan Alois yana juyawa. Ranar Litinin ɗin da aka yi ƙanƙarar na dubi Linus na ga in aka bar shi shi kaɗai a kicin ɗinsa da yamma, to ban san abin da zai faru ba. Na aika Alfreda ta kawo madarar saniyarsu, na fasa ƙwai goma sha biyu, na sa shi juya injin da kansa don hannunsa ya samu abin yi. Mutane suka yi ta shigowa da cokulansu. Kafin rana ta faɗi Linus ya yi dariya sau ɗaya. Abin da nake nufi ke nan da na ce ba ta tafi a banza ba. Ban taɓa ce miki tana firiza ba. Da kika yaba min dabara kuma kunya ta hana ni gyara miki.

Mai allin bai ce ni maƙaryaciya ce ba. Rubutu kawai ya yi, amma na ga yadda ya dubi Prewitt. Shi kuma Prewitt ya buɗe ɗan littafinsa, fuskarsa ta yi ja, ya karanta abin da ya rubuta ranar ashirin da tara ga Mayu a kan teburin nan nawa:

"Misis Brungardt. Na tambaye ta gida. Ta ce babu laifi."

Na ce masa haka na ce. Ya ce to shi abin da ya ji ya rubuta. Mai allin ya ce yanzu ga bakina na Mayu yana cewa babu ɓarna, ga 'yar'uwata ta yi wa ofis alkawarin shaidar da babu ita, shi ba shi da abin da zai kai wa manyansa. Ya ce akwai damar ƙorafi na ƙarshe kafin tsakiyar Satumba, amma shawararsa in karɓi abin da aka ba ni.

Shekarata saba'in da takwas, ba a taɓa tsayawa a kicin ɗina ana shakkar maganata ba sai jiya. Na ji zafinki, Renita. Kin yi min magana da mutane ba ki tambaye ni ba, kamar yadda Marvin yake yi.

Shi kuwa da suka tafi ya hau sama ya ga silin ɗin, ya sauko ya zauna bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi min. Ya ce zai kawo kwalaye ƙarshen Agusta mu fara haɗa kaya a hankali. Ya shimfiɗa tamfol a kan rufin kafin ya tafi, amma ɗaurin 'yan birni ya yi masa, tun yau da safe iska take kaɗa gefe ɗaya.

O. Brungardt


Kodiak
1 ga Agusta, 1996

Goggona,

Ina gaisuwa, da fatan jiki lafiya. Na yi laifi, ba ni da abin cewa. Na gina magana a kan abin da ba ki faɗa ba, na sa aka tozarta ki a gidanki. Ki yafe min.

Na tuna injin katakon. Na tuna sanyin murfin yana ratsa rigata. Da na karanta takardarki na zauna a ɗakin canza kaya na yi kuka, har wata abokiyar aikina ta zaci rasuwa aka yi min.

Amma Goggo, ki saurare ni sau ɗaya tak. Kin ce mutane sun yi ta shigowa da cokulansu. Su waye? Su nawa? Kowannensu ya ga ƙanƙarar nan a farfajiyarki, a ranar, ya ga girmanta. Wa ya taya ki kwasa? Akwai wanda ya dubi rufin? Akwai wanda ya ɗauki hoto? Ki rubuta sunayensu ki ba Prewitt, ki nemi a zauna kafin wa'adin ya cika. Wannan karon ba zan kira kowa ba sai kin ce. Ke za ki yi, da bakinki.

Abu ɗaya ne zai yi miki wuya. Za su tambaye ki abin da ƙanƙarar Mayu ta yi wa gidan, kuma dole ki faɗa yadda yake, a gaban Linus da kowa. Na san kin fi son a cire miki haƙori.

Tamfol ɗin ki bar wa Linus ya gyara.

Taki har kullum,
Renita


Kodiak
20 ga Agusta, 1996

Goggo,

Ina fata lafiya. Yau kwana ashirin ba amsa. Kullum in na tashi daga aiki sai na biya gidan waya, har matar wurin ta fara girgiza min kai tun daga ƙofa.

Na karya alkawari kaɗan, na bugo gidan Linus. Alfreda ta ɗauka, ta ce kina nan, ta ce an yi zafi, ta ce tumatirinki ya yi kyau, sannan ta ce madararta na kan wuta. Ban taɓa jin Alfreda ta gama waya a ƙasa da rabin awa ba.

In fushi ne, ki rubuto ki zage ni, zan karɓa. Saura kwana ashirin da biyar wa'adin ya cika. Layi ɗaya ma ya ishe ni.

Renita


Marienfeld
9 ga Satumba, 1996

'Yata Renita,

Gaisuwa mai yawa. Na samu takardunki biyu. Fushin bai wuce sati ba, hannu ne ya yi nauyi. Ni dai babu laifi. Ƙugu ne ya ɗan riƙe tun ƙarshen Yuli, Alfreda tana leƙo ni.

Na yi abin da kika ce. Na zauna na tuna, mutum goma sha bakwai suka ci askirim ɗin nan, har da Fada, wanda ya yi ƙari sau biyu. An zauna ranar Alhamis a falona. Kamfani ya turo wata mata daga babban ofis tare da mai allin da Prewitt. Marvin ya zo da kwalayensa a bayan mota. Cikin goma sha bakwai ɗin, goma sha ɗaya suka zo, sauran kuwa wata mai jego ce da waɗanda ke gona. Kujeru ba su isa ba, wasu a kan katifata suka zauna. Alfreda ce ta zuba wa kowa kofi.

Linus ya ce shi ya cika bokiti na uku, kuma daga ƙarƙashin indararon rufina ya kwasa, haɗe da ɓaraguzan kwalta baƙi-baƙi da sai da muka tsince. Alfreda ta fito da hoto. Ashe fim ɗin yana cikin kyamararta tun Mayu, sai watan jiya ta kai aka wanke. Hannun Linus ne riƙe da ƙanƙara ɗaya da ƙwai ɗaya, ƙanƙarar ta fi girma, ga barandata a baya, ga kwanan wata da jan rubutu a kusurwa. Matar ta daɗe tana kallonsa. Ta ce hoton ya nuna ƙanƙara, amma har yanzu ga maganar mai gida a rubuce cewa gida bai taɓu ba.

Nan tsoho Leiker ya yi gyaran murya. Shi ma ya ci askirim ɗin, da cokalin miya ya zo. Ya ce shekara talatin ya yi yana wannan aikin a garin nan, kuma in mutumin Marienfeld ya yi ta ƙorafi, kofi kawai yake sha ya wuce.

"Amma ranar da Otilia Brungardt ta ce min babu laifi," in ji shi, "ba na ma rubutawa. Gida nake komawa in ɗauko tsani."

Aka yi dariya, har Marvin. Matar ba ta yi ba. Ta juyo ta dube ni ta ce tana so ta ji daga bakina, a rubuta, in sa hannu. Linus yana zaune daf da ni, mutumin da ya rasa eka ɗari uku, ni kuma zan buɗe baki in yi kukan roba ɗaya. Na dube shi. Ya ce, "Faɗa mata, Tilli. Alkamata ba za ta tashi don kin jiƙe ba."

Na faɗa. Na ce ƙanƙarar Mayu ta fasa min rufi, na ji fashewarsa ina kicin. Na ce tun ranar ruwa yake zuba a ɗakin da na haifi 'ya'yana, na sani, na ɓoye, don ina tsoron ɗana zai raba ni da gidana. Na ce ina jin tsoro har yanzu. Ban taɓa jin muryata ta fita haka ba. Marvin ya tashi ya fita baranda ya daɗe.

Ranar Asabar Prewitt ya kawo takardar da hannunsa, ko jiran gidan waya bai yi ba. Sun mayar da kwanan watan ashirin da bakwai ga Mayu. Mai rufin Hays zai fara ranar bakwai ga Oktoba. Prewitt ya ce ya sayi tsani. Marvin ya koma da kwalayensa yadda ya zo da su. Ya ce zai bar sunana a layi dai, don ko ta kwana, amma muddin ina iya hawa da sauka a gidana da ƙafafuna, ba zai ƙara tayar da maganar ba. Na ce masa na ji. Ban tashi na raka shi mota ba, na ce masa rana ta yi zafi.

Tamfol ɗin ya zauna daram tun ƙarshen Yuli. Ɗaurin Alois na yi masa.

Ki ci abinci.

Goggonki,
Otilia


Kodiak
17 ga Satumba, 1996

Goggo,

Lafiyata lau. Taki nake tambaya, kuma ba sai kin amsa ba.

Na yi murna da rufin, na yi ihu a gidan waya har aka juyo ana kallona. Da na koma gida na sake karantawa a zaune. Babu gwiwa a takardarki, babu wa'azin Fada. Alfreda ce ta zuba kofi a gidanki, ke da ba kya barin kowa ya taɓa butarki. Ba ki raka ɗanki mota ba. Adireshin da ke bayan ambulan ba rubutunki ba ne. Kuma ke kika ɗaure tamfol.

Daga wane mataki na tsanin kika faɗo? Sati bakwai ke nan, kuma na tabbata likita bai gan ki ba, don kada labari ya kai Wichita.

Na ɗauki hutu ba ranar dawowa. Jirgina zai sauka Hays ranar Asabar, Linus zai ɗauko ni, wataƙila in riga wannan takarda isowa. Ranar Litinin za mu je a ɗauki hoton ƙugun, ko kina so ko ba kya so. Marvin zai ji, daga bakinki, tunda yanzu kin iya. In ya ce ba kya iya hawa da sauka, za mu ce masa akwai ma'aikaciyar jinya a ɗakin sama, ƙarƙashin sabon rufi, kuma ba ta da niyyar tafiya.

Kin rubuta babu laifi a layi na uku, Goggo. Wannan karon na ji.

'Yarki,
Renita